Sauya Ɗabi'a Bayan Girma Ya Kama: Abin da Zai Yiwu da Hanyar Yin Sa

 

 Godiya ta musamman ta tabbata ga masu masauki, waɗanda suka ga dacewar a keɓe zama guda domin batun da ya shafi kowane gida. Maudu'in da aka ɗora wa mai magana shi ne ko mutumin da ya riga ya manyanta zai iya sauya akalar rayuwarsa ta hanyar gyara ɗabi'unsa na yau da kullum, kuma in zai iya, ta wace hanya. Matsayin wannan lacca shi ne zai iya, ko yana da shekara 30 ko yana da 70, amma sauyin ya fi dogara ga tsarin da mutum ya yi wa lokacinsa da wurin zamansa da abokan hulɗarsa fiye da ƙarfin niyya kaɗai. Za a bi batun ta fuskoki 6.

Na farko: shin hali yana sauyawa?

Hausawa sun ce hali zanen dutse, sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma waɗannan maganganu suna da gaskiyarsu a fagen tarbiyyar yara. Matsalar tana tasowa ne sa'ad da dattijo ya mayar da su hujjar zama a kan abin da shi da kansa ya san yana cutar da shi, har ya riƙa cewa da 'ya'yansa su ƙyale shi, haka Allah ya yi shi. A nan wajibi ne a rarrabe abubuwa biyu. Akwai abin da aka halicci mutum da shi, kamar saurin fushi ko yawan kunya ko son magana, wanda da wuya ya gushe baki ɗaya. Akwai kuma ɗabi'a, wato aikin da mutum ya yi ta maimaitawa a yanayi iri ɗaya har ya zama yana aukuwa ba tare da ya tsaya yin shawara da zuciyarsa ba. Shan taba, raba dare ana hira, cika cokalin sukari, kashe kuɗi ranar da suka shigo, duk suna cikin kashi na biyu, domin babu wanda aka haifa da su.

Wannan muhawara tsohuwa ce. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 miladiyya, ya keɓe sashe a littafinsa Ihya'u Ulumiddin kan horar da rai, inda ya mayar da martani ga masu cewa halin ɗan Adam ba ya karɓar gyara. Hujjarsa ita ce da haka ne, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk sun zama aikin banza, alhali ko dabbobi irin su doki da shaho ana horar da su su bar halinsu na dawa. Ya kuma bayyana cewa manufar horon ita ce a daidaita fushi da sha'awa, ba a tumɓuke su ba, kuma marowaci yana zama mai kyauta ne ta hanyar tilasta wa kansa yin kyauta, da farko cikin ƙyashi, har bayarwar ta zame masa jiki. To, in malamin da ya rayu fiye da shekara 900 da suka wuce ya ga haka, me binciken wannan zamani ya ƙara a kai?

Na biyu: yadda ɗabi'a take ginuwa

Masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa ɗabi'a tana tsayuwa a kan ƙafa uku. Ta farko ita ce alama, wato lokaci ko wuri ko mutum ko yanayin zuciya da ke tayar da aikin. Ta biyu aikin kansa. Ta uku kuma daɗin da ke biyo baya, wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa a sake. Misalin abin kamar turba ce a cikin gona: sawun farko ba ya barin komai, amma in aka yi ta bi, ciyawa takan kwanta, ƙasa ta taurare, har ƙafa ta riƙa bin wurin ko da dare, kuma tsohuwar turba ba ta shafewa don an buɗe sabuwa, sai an daɗe ba a taka ta ba. Binciken da Wendy Wood da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2002, inda mutane suka riƙa rubuta abin da suke yi kowace sa'a, ya nuna cewa tsakanin sulusi da rabin ayyukan yini ana yin su ne a wuri ɗaya kusan kullum, hankali kuma yana wani wajen.

Tambayar da aka fi yi ita ce kwana nawa ake bukata. An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 sun isa, amma wannan adadi bai fito daga gwaji ba. Wadda ta auna abin ita ce Phillippa Lally tare da abokan aikinta a wata jami'a da ke Landan, a aikin da aka buga a 2010. Sun ɗauki mutum 96, kowa ya zaɓi sabon aiki guda na ci ko sha ko motsa jiki, ya ɗaura shi a kan wani lokaci tsayayye kamar bayan karin kumallo, aka bi su tsawon mako 12. Matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66, amma tazarar tana da faɗi ƙwarai, daga kwana 18 zuwa kwana 254, kuma aiki mai sauƙi kamar shan kofin ruwa ya fi saurin kamawa fiye da motsa jiki. Akwai wani sakamako a binciken da ya cancanci a tsaya a kansa: tsallake rana guda bai rushe ginin ba. Wannan yana da muhimmanci, domin mutane da yawa ba gazawar farko ce take kayar da su ba, hukuncin da suke yanke wa kansu bayanta ne, sa'ad da suka ce tunda an karya, shi ke nan.

Na uku: ribar da ta rage wa wanda ya makara

Babbar shubuhar mai shekaru ita ce aikin gama ya gama, me zai ƙaru da shi yanzu? Amsar tana cikin alƙaluma. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin likitocin Birtaniya maza fiye da 34,000 domin ganin tasirin taba sigari, aka ci gaba da bin su shekara 50, aka fitar da sakamakon ƙarshe a 2004. An gano cewa mashaya taba suna mutuwa kimanin shekara 10 kafin waɗanda ba su taɓa sha ba. Amma wanda ya daina yana da shekara 30 ya dawo da kusan duk shekaru 10 ɗin, mai 40 ya dawo da kimanin 9, mai 50 kimanin 6, mai 60 kuma kimanin 3. Rai a hannun Allah yake, wannan kuwa lissafin sababi ne a kan jama'a mai yawa, amma shekara 3 ga ɗan shekara 60 ba ƙaramin abu ba ne, domin a cikinsu ake aurar da 'yar auta, a ga jikoki sun shiga makaranta.

Hujja ta biyu ta fi wannan ban mamaki. A Amurka an yi gwaji kan mutum 3,234 waɗanda sukarin jininsu ya hau amma bai kai matsayin ciwon sukari ba, aka buga sakamakon a 2002. An ba wani rukuni maganin metfomin, wani rukunin kuma aka taimaka masa ya gyara abinci, ya riƙa motsa jiki minti 150 a mako, ya rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsa. Cikin kusan shekara 3, magani ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, sauyin ɗabi'a kuwa ya rage shi da kashi 58. A tsakanin waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, ragin ya kai kashi 71. Wato dattawan da ake zaton sun fi kowa taurin kai su ne suka fi cin moriyar sauyin.

Haka abin yake a fagen koyo. Direbobin tasi na Landan sai sun haddace tituna kimanin 25,000 kafin a ba su lasisi, karatun da kan ɗauki shekara 3 zuwa 4. Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da tuna wurare ya fi na sauran mutane girma, sannan a 2011 aka tabbatar, ta bin ɗalibai tun daga farkon karatunsu, cewa girman ya zo ne bayan koyon, a ƙwaƙwalwar mutanen da suka riga suka balaga. A Kenya, Kimani Maruge ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar wannan ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata manya da ake kira jaji suke jagorantar 'yan'uwansu daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su karantar. Azuzuwan yaƙi da jahilci na shekarun 1950 sun koya wa magidanta karatun boko da Hausa, jihar Kano kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980. Da aka ce gemu ba ya hana ilimi, abin da aka gani da ido aka faɗa.

Na huɗu: ɗaura sabuwar ɗabi'a a kan lokaci tsayayye

Masanin nan na Jamus, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa wanda ya ƙayyade lokaci da wurin da zai yi abu ya fi cika alkawarin da ya yi wa kansa fiye da wanda ya tsaya a kan kyakkyawar niyya kawai. Akwai bambanci tsakanin mutumin da ya ce zai fara motsa jiki, da wanda ya ce in an sallame sallar asuba zai zaga unguwa sau biyu kafin ya shiga gida. Na farkon dole ne ya sake yanke shawara kowace rana, na biyun kuwa ya yanke ta sau ɗaya, ya bar wa alama aikin tunatarwa.

A nan al'ummar Hausawa tana da dukiyar da ba ta cika lura da ita ba. Masu bincike a ƙasashen Turai suna wahalar nemo wa mutane lokacin da ba ya motsi a yininsu, alhali Musulmi yana da irin wannan lokaci har sau biyar, da ladan mai kira, da jama'ar da za ta tambaya in ba ta gan shi ba. Mai hawan jini da ke manta maganinsa zai iya ajiye kwalbar kusa da buta ko darduma, ya sha bayan asuba. Ɗan kasuwar da bai san inda ribarsa take zurarewa ba zai iya buɗe littafin shiga da fita bayan magariba, ya rubuta cinikin ranar da bashin da aka ci, ko da layi biyar ne. Uwar gidan da take son koyon karatu za ta iya riƙe rubu'in sa'a bayan azahar, lokacin da gida ya yi shiru. Minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar su motsa jiki a mako, in an raba, minti 30 ne a kwana biyar, kuma tafiya da ƙafa da ɗan sauri ta wadatar. 'Yan'uwa Kiristoci da ke wannan zaure su ma suna da addu'ar safe da ranakun sujada da za su ɗaura nasu a kai.

Sharaɗin shi ne a fara da kaɗan, kuma da abu ɗaya. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ya nuna cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da ƙanƙane ne. Wanda ya tashi rana ɗaya zai bar taba, ya bar sukari, ya fara gudu, ya kuma haddace izu, ya ɗora wa kansa kayan da zai sauke kafin mako ya zagayo.

Azumin Ramadan ya isa abin nazari. Mashayin da ke rantsuwa ba zai iya sa'a biyu babu taba ba, yakan yi daga alfijir zuwa faɗuwar rana bai kunna ba, har kwana 29 ko 30. Me ya sa yake iyawa? Saboda dukan gari ya sauya tare da shi: teburin mai shayi a rufe, abokai ba sa sha, kuma haramcin a bayyane yake, babu wurin ciniki da zuciya. Me ya sa kuma yake komawa bayan salla? Saboda alamomin sun dawo gaba ɗaya, kuma wata guda bai kai ko rabin kwana 66 ɗin da aka ambata ba, ga shi da ma yana sha da dare. Mai hikima zai tsara watan Shawwal tun kafin a ga wata, ya san inda zai zauna da abin da zai riƙe a hannu a lokutan da ya saba kunnawa.

Na biyar: wuri da abokan zama

A lokacin yaƙin Biyetnam, kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun ce sun kamu da jarabar hodar heroyin a can, har hukuma ta tsorata da abin da zai faru in sun koma gida. Binciken Lee Robins kan waɗanda suka dawo a 1971 ya gano cewa a shekarar farko kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa, cikin shekara 3 kuma kimanin kashi 12. Daga cikin manyan dalilan da masana suka kawo akwai rabuwa da wurin, da abokan shan, da arahar kayan, da fargabar fagen daga.

Ba kowa ne zai iya barin gari ba, amma kowa zai iya duba majalisarsa. A lura da magidanci a teburin mai shayi da safe: bai ce komai ba, mai shayi ya riga ya san haɗinsa, ya tsiyaya madara, ya zuba sukari cokali uku, ya yanka biredi ya shafa bota, ya tura masa. Likita ya gaya wa wannan mutum ya rage zaƙi, shi ma ya amsa da gaske, amma hannun da ke zuba sukarin ba nasa ba ne. Gyaran da zai yi tasiri shi ne ya yi magana da mai shayin sau ɗaya, a gaban abokan zama, cewa daga yau cokali ɗaya. Haka batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma ɗunƙulen da ake jefawa a miya kaso mai yawa nasa gishiri ne. Maigida mai hawan jini ba zai iya wannan gyara shi kaɗai ba, tunda tukunya ɗaya ake yi wa gida. Sai an zauna da uwar gida an yi shawara, a rage sannu a hankali, a ƙarfafa daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, domin harshe yakan saba da ƙarancin gishiri cikin makonni ko 'yan watanni. Kuma adalci ne a faɗa cewa macen da aka ce ta rage ɗunƙule bai kamata a wayi gari ana yi mata gorin miya ba ta yi daɗi ba.

Adashi hujja ce cewa Hausawa sun daɗe da sanin wannan ilimi. Matar da ba ta iya ajiye kuɗi a ɗaki takan yi zubi ba fashi wata da watanni, saboda akwai rana tsayayya, akwai uwar adashi mai aiko yaro, akwai kunyar 'yan'uwa, akwai kuma ranar ɗauka da ake ɗoki. Irin wannan tsari ana iya yi wa tafiyar asuba, ko karatun dare, ko barin taba: mutum uku ko huɗu, lokaci sananne, da wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa.

Na shida: inda ɗabi'a kaɗai ba ta isa ba

Zalunci ne a ɗora wa talaka laifin duk halin da yake ciki. Wanda abin da yake samu bai kai cefanen yini ba, littafin lissafi ba zai haifar masa da kuɗi ba, kuma rashin aiki da tsadar abinci da rashin tsaro al'amura ne da ke wuyan hukuma da al'umma. Abin da gyaran ɗabi'a yake yi shi ne toshe ɓarnar da ke hannun mutum. Haka kuma jarabar ƙwaya cuta ce mai bukatar likita. Binciken ƙasa na Nijeriya na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda jikinsa ya saba da taramol ko giya, yankewa farat ɗaya kan jawo ciwo mai haɗari, don haka a kai shi asibitin da ke da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ba a ɗaure shi da mari ba. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kuma kada ya ajiye shi don ya fara tafiyar asuba, sai da izinin likitansa, kuma mai ciwon zuciya ya nemi shawara kafin ya soma motsa jiki mai ƙarfi.

A nan mai magana zai dakata.   Fili a buɗe yake ga mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, kuma ana roƙon shugaban taro ya ba iyaye mata da dattawa dama su fara.